Hutun Damina Tsakanin Gulbi da Dutse

'Yan'uwana 'yan mata, da zarar dogon hutu ya ƙarato sai hirar aji ta koma ta Legas: wance za ta bakin teku, wance za ta ɗauko hoto a Badagiri. To mu 'yan Gusau ba mu da teku, amma wallahi ba mu rasa wurin zuwa ba.

Hutunmu a watan Agusta yake faɗowa, tsakiyar damina. Lokacin gulbin Sakkwato, wanda ya bi ta Gusau ya nufi Bungudu, ya cika ya batse, rairayin da muke wasa a kai da rani duk ya nutse. Innata ta Bungudu takan ce, "Ke ɗiya, gulbin damina kallonai aka yi, ba a shiga." Sai mu tsaya nesa muna cin dafaffiyar masara.

In kuma kika ɗauki hanyar Tsafe daga Gusau, ba za ki yi nisa ba za ki hango dutsen Kwatarkwashi, baƙi ƙirin, garin na kwance a gindinsa, gero kore shar ya kewaye shi. A nan ne mutanen da suke bikin kamun maiki, samari su hau dutsen su kamo tsuntsun da ransa. An daɗe da barin bikin, amma tsofaffi suna da labarin.

Kafin ki shiga Tsafe ga 'Yandoto, tsohon garin malamai tun kafin jihadin 1804. Har yau sarautar Tsafe sunansa take ɗauke da shi: 'Yandoton Tsafe. Can na fara cin hoce mai zafi, na ci har na manta da kunya!

Sai dai fa a shekarun nan 'yan bindiga sun sa hanyar nan ta zama abin tsoro, ƙauyuka da yawa sun watse. Kada ki kuskura ki kama hanya sai da yardar iyaye. In tafiya ba ta yiwu ba, nemi kakarki, ki ɗauko littafi da biro, ki ce, "Kaka, ba ni labarin garinku." Ki rubuta, don ƙannenki da ba su taɓa ganin garin ba su san inda suka fito.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.