Zuwa Disneyland da Ƙananan Yara: Wace Kyamara Za a Rataya?

Kowace shekara idan makarantu suka yi dogon hutu, akan sami wasu daga cikin jama'armu na Briqueterie a Yawunde, da New Bell a Duwala, da Garwa da Marwa, waɗanda Allah ya hore wa halin kai iyali ziyara wurin 'yan'uwa a ƙasar Faransa. To, duk wanda ya sauka birnin Faris da ƙananan yara ya san ba za su bar shi ya sha ruwa da daɗi ba sai ya kai su Disneyland, domin tun a gida sun saba ganin ɓeran nan Mickey a talabijin da bayan jakar makaranta. Tambayar da maigida kan yi kafin tafiya ita ce, wace kyamara zai saya ko ya ara, don kada ya dawo hannu rabbana. Wurin da kansa shi zai ba mu amsa, saboda haka bari mu zaga shi tun daga ƙofa har dare, mu ga abin da kowane lungu yake bukata.

Wannan dandalin wasanni yana a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Faris. An buɗe shi ran 12 ga Afrilu 1992 da sunan Euro Disney, a 1994 aka mayar da sunan Disneyland Paris, a 2002 kuma aka buɗe fili na biyu a gefensa. Daga tsakiyar birni jirgin ƙasa na RER, layin A, yakan kai mutum cikin minti 40 ko kusa da haka, tashar kuwa tana dab da ƙofar shiga. Waɗanda suka je a shekarun farko sukan tafi da fim mai ɗaukar hoto 24 ko 36, kowace dannawa sai an yi lissafi, sa'an nan a jira a wanke kafin a san abin da aka samu. Yau wayar da ke aljihu tana ɗaukar dubbai. Fim ba ya ƙarewa yanzu, abin da ke ƙarewa shi ne batir, da kafaɗa, da haƙurin yaro.

A bakin ƙofa ana binciken jakunkuna. Sandar nan da matasa ke maƙala waya a kai su ɗauki kansu hoto an hana shiga da ita tun 2015, haka kuma ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto daga sama. Doguwar ƙafa-uku ta masu sana'a ita ma gara a bar ta a masauki. Amma kafin a tsallaka ƙofar akwai hoto guda wanda ya fi duk na ranar daraja. A tsayar da kowane yaro shi kaɗai, a ɗauke shi da waya tun daga hula har takalmi, cikin kayan da ya sa a wannan rana. Idan, Allah ya kiyaye, ya ɓace cikin taro, wannan hoton za a nuna wa ma'aikata, ba sai uwa ta tsaya cikin ruɗewa tana neman yadda ake faɗin launin riga da Faransanci ba. A kuma rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. Rigakafi ya fi magani.

Da an shiga za a gane cewa tafiya ce ta yini guda da ƙafa. Babban filin ya haura hekta 50, an raba shi unguwa 5, kowace da irin gininta da wasanninta. Uba yana tura keken jariri, uwa tana riƙe da jakar ruwa da abinci da kayan canji, ga na shekara 4 yana fizge hannu duk inda ya hango wani abu mai launi. A nan ne nauyin kyamara yake zama magana. Waya ba ta wuce giram 200 da 'yan kai ba. Ƙaramar kyamara ta zamani marar madubi a ciki, da ɗan gajeren ido guda, wato gilashin nan na gaba, takan kai rabin kilo ko ɗan fiye. Dogon idon da masu ɗaukar wasan ƙwallo ke amfani da shi, mai lamba 70-200, shi kaɗai yakan kai kilo ɗaya da rabi, kuma sai da hannu biyu ake sarrafa shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin da hannayensa biyu ke kan kyamara, idonsa ɗaya a rufe ɗaya a cikin gilashi, ba shi ne ke riƙe da yaro ba. Don haka ma'aunin farko shi ne: kyamarar da za a ɗaga, a danna, a sauke da hannu ɗaya. In ba ta cika wannan ba, komai kyanta ba ta wannan tafiya ba ce.

Titin farko sunansa Main Street, an gina shi kamar ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, da kantuna dama da hagu da taragon da doki ke ja. Can ƙarshensa ga fadar nan mai launin hoda da hasumiyoyi masu tsini, wadda tsawonta ya fi mita 40. Kowa a gabanta yake son hoton iyali, a nan kuma mu baƙar fata muke da wata matsala tamu. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba daidai, to idan bayan mutum sararin sama ne mai haske da farin gini, sai ta rage haske, fada ta fito tas, fuskokin yara su zama inuwa, ba a ganin komai sai haƙora. Matsalar tsohuwa ce: shekaru da yawa katin da masu wanke hoto ke daidaita launi da shi hoton Baturiya ne, sai a 1995 kamfanin Kodak ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Maganin yau mai sauƙi ne. Mai waya ya taɓa fuskar yaro a jikin gilashi kafin ya danna, ya ɗan ja alamar rana sama. Mai kyamara ya nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ya ƙara mataki ɗaya. A kuma tsaya yadda haske zai faɗo kan fuska, ba ta ƙeya ba. Kafin a biya kuɗin kowace kyamara a kanti, a gwada ta a kan fuskar ɗan gida, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani abu kuma da ba ya cin ko sisi: a durƙusa. Hoton da babba ya ɗauka a tsaye ƙoƙon kan yaro yake nunawa da ƙasa. In ya sauko daidai tsawon yaron, sai ga idanu, ga fada ta tashi a bayansa kamar yadda shi yaron yake ganinta.

Bayan fadar akwai unguwar da ake kira Fantasyland, inda masu ƙananan yara ke cinye yawancin yininsu. Ga dawakin katako masu kewayawa, ga giwayen Dumbo masu tashi sama suna sauka, ga manyan kofunan shayi da ake zama ciki suna juyawa. Komai a nan motsi yake yi, shi ya sa hotuna da yawa ke fitowa dishi-dishi. Abin lura shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Yaron da ke gudu ko yake kan lilo yana bukatar ƙiftawa ta kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Wanda bai son lissafi ya juya kyamara zuwa alamar mai gudu, mai waya kuma ya yi amfani da ɗaukar jere, ya sami goma ya zaɓi ɗaya. Dabarar ita ce babba ɗaya ya hau da yaro, ɗayan ya tsaya a bakin shinge yana jiran su zagayo. Wanda ke kan giwa aikinsa riƙon yaro.

Akwai kuma wasannin cikin ɗaki, inda ake shiga kwalekwale ko ƙaramin keke a bi ta cikin duhu, kamar na Peter Pan da na 'yan fashin teku a unguwar Adventureland. A irin waɗannan wurare an hana kunna walƙiyar kyamara, domin tana kashe wa sauran mutane ido, tana kuma tona asirin abin da aka ɓoye da duhu. Wanda ya nace sai ya sami hoto a ciki, lambar da zai duba a jikin idon kyamara ita ce wadda ke bin harafin f. Ƙaramar lamba, babban buɗi. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na idon da aka saba sayar da kyamara da shi idan an zuƙo shi ya kai f/5.6. Saboda haka ɗan ido guda mai milimita 35 da f/1.8, wanda bai fi ƙaramin gwangwanin madara ba, ya fi jaka cike da dogaye amfani. Sai dai a ƙarƙashin fadar akwai kogo mai duhu inda wani ƙaton dodo ke kwance cikin sarƙa, yana ɗaga kai yana huci da hayaƙi. Yara da yawa kan firgita a nan. Idan ɗanka ya ƙanƙame maka ƙafa, mayar da kyamara jaka ka ɗauke shi.

Jiragen nan masu gudu da hawa da gangara suna da ƙa'idar tsawo. Na Big Thunder Mountain, mai ratsa wani jan dutse a tsakiyar tafki, sai yaro ya kai mita 1.02, na Hyperspace Mountain kuwa mita 1.20. A auna yara tun a gida don kada a yi musu alkawarin da ma'aikaci zai karya a bakin layi. A kan waɗannan jirage ba a fito da waya ko kyamara, abin da ya suɓuce ya tafi, yana kuma iya jin wa na baya ciwo. Gidan yana da nasa kyamarori da ke ɗaukar mahaya a daidai gangara, mai so ya biya ya karɓa.

Sai maganar wuta da yanayi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe 10 na dare, yini ne mai tsawo wanda batir ɗaya ba ya kai ƙarshensa, balle wayar da ake duba taswira da tsawon layi da ita. A watan Disamba kuwa ƙarfe 5 na yamma duhu ya yi, sanyi kuma yana zuƙe batir da sauri, sai a ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da ɗumin jiki. A tafi da ma'ajin wuta, wanda yara ke kira fawa-banki, amma a tuna cewa a jirgin sama a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Bakin cajarmu na Kamaru mai ƙafa biyu zagayayyu yana shiga soket ɗin Faransa, wannan kam an huta. Ruwan sama a can ba ya sallama, don haka leda mai zif guda biyu ta isa ta ceci kayan dubban ɗaruruwan sefa. A rage ɗaukar dogon bidiyo, domin minti ɗaya na mai lamba 4K yana cin ɗaruruwan megabait.

Da la'asar akan yi jerin gwano na manyan motoci masu ado da makaɗa da 'yan rawa, jama'a su yi dafifi a gefen titi kamar ranar hawan salla a ƙofar Lamiɗo. Da dare kuma a haska jikin fada da hotuna, a yi wasan wuta a sama. Dubban hannaye za ka gani a ɗage da wayoyi, kowa yana ɗaukar abu ɗaya, wanda akwai irinsa birjik a intanet, kuma ya fi naka kyau. Abin da babu a intanet shi ne fuskar 'yarka sa'ad da wutar ta fashe. Juya mata kyamarar, hasken da ke sama ya isa. Da an gama kuwa a rufe jaka a ƙirga yara, domin lokacin watsewa cikin duhu shi ne lokacin da hannu ke rabuwa da hannu. Ofishin yaran da suka ɓace yana kusa da ƙarshen Main Street, yana da kyau a san wurinsa tun da rana.

Abu biyu na ladabi. Faransawa ba sa wasa da ɗaukar 'ya'yansu hoto ba izini, dokarsu tana kare surar mutum, a watan Fabrairu 2024 ma suka yi wata doka da ta ɗora wa iyaye nauyin kare surar 'ya'yansu. To a kiyaye na mutane, a kuma yi tunani kafin a watsa na gida a Facebook. Na biyu, kada a dawo da hoto 500 babu uwar yara a ciki ko ɗaya, ko babu uban don shi ne mai dannawa. A riƙa karɓa-karɓa. Yaron da ya kai shekara 6 ko 7 a ba shi tsohuwar waya, ko kyamarar Instax mai fitar da hoto nan take, wadda fakitinta ke da takarda 10. Zai koyi zaɓe, zai kuma rage ƙorafi a kan layi.

A taƙaice dai, mai waya mai kyau ya riga ya sami abin da zai ishe shi, ya ƙara ma'ajin wuta da igiyar ɗaurawa a wuyan hannu. Mai son abin da ya fi haka ya ɗauki ƙaramar kyamara da ido guda da batir biyu, kuma ya koyi aiki da ita mako biyu kafin tafiya, ba a bakin ƙofa ba. Kuɗin da ya rage a kashe shi bayan an dawo. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, waya kuma tana faɗawa ruwa ko ta shiga hannun ɓarawo. A zaɓi 20 ko 30 a kai a wanke a takarda, a rubuta suna da shekara a baya, a kai wa kaka nata ta ajiye. Ɗan shekara 3 ba zai tuna Disneyland ba, abin da aka nuna masa a takarda shi zai sani in ya girma. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su da yaransu cif.