Kada Yara Su Sake Ba Duna Cakulan

Ƙanwata,

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi mini kina dariya, cewa autanki yana raba cakulan ɗin tsaraba da Duna, karen gadinku. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Yaron ya yi ne don tausayi, amma guba yake ba shi.

A cikin ƙwayar kokon da ake nomawa a Ondo da Ghana, wadda da ita ake yin cakulan, akwai wani sinadari mai suna tiyobromin, ɗan'uwan kafin ɗin da ke cikin kofi. Jikinmu yana saurin fitar da shi. Na kare kuwa sai ya yi kusan awa 17 kafin ya rage rabin abin da ya shiga, saura na ta zagayawa a jini yana zaburar da zuciya da jijiyoyi.

Yawan gubar ya danganta da irin cakulan ɗin da nauyin karen. Fari kusan babu tiyobromin a ciki. Mai madara akwai kaɗan. Baƙi mai ɗaci-ɗaci ya ninka mai madara fiye da sau biyu, garin koko zalla na masu yin kek kuma ya fi duka haɗari. Likitocin dabbobi sun ce ciwo yana farawa daga miligiram 20 na tiyobromin a kan kowane kilo na nauyin kare, daga 40 zuciya ta fara rikicewa, a wajen 60 sai farfaɗiya. Kare mai kilo 15 kamar Duna, giram 60 na baƙin cakulan ya isa ya kwantar da shi. Bai fa kai cikakken sanda ɗaya ba. Ki kiyaye Duna daga goro ma, don na san maigadinku ba ya rabo da shi, kuma kafin ɗin da ke cikinsa yana da yawa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne alamun kan yi jinkiri, wani lokaci awa 6 zuwa 12. Amai da zawo, yawan shan ruwa da fitsari, haki, kai-kawo ba zama, sannan makyarkyata. In kika jira sai kin ga waɗannan, gubar ta riga ta shiga jini.

Don haka in Duna ya sake ci, ko ya wawuri kwali a bayan idonku, ki ɗauki ledar cakulan ɗin ki kai shi wurin likitan dabbobi nan take. A cikin awa 2 na farko suna iya sa shi amai, su ba shi gawayin asibiti da ke kama guba, su ƙara masa ruwa. Babu makarinta, sai dai a taimaki jiki ya fitar. Don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, ba sa karya wannan guba. Ruwan gishiri kuwa shi kansa yana iya kashe shi.

Autan kuma kada ki yi masa faɗa. Ki nuna masa in yana son faranta wa Duna rai, ya ba shi guntun dafaffen nama. Ragowar tsarabar ki kulle a kabad na sama, don hancin kare ba ya kuskure.

Ki gaida maigidan da yara. Ki sanar da ni yadda Duna ya kwana.

Wassalam,
Yayarki