Sati biyar na Howard Warshaw

Duk wanda ya yi aikin jarida mai fita sati-sati ya san abin da wa'adi kan fara ci. Ba rubutun yake ci ba, don rubutu ko da tsakar dare ana yin shi. Karatu na biyu yake ci, wato idon wani mutum dabam da zai duba ya ce: nan wurin ban gane ba. Shi ya sa nake ganin labarin wasan E.T. na kamfanin Atari kamar na gidanmu ne, ko da yake a Amurka ya faru.

A shekara ta 1982 fim ɗin E.T. na Steven Spielberg ya cika gidajen sinima. Shugabannin Warner, uwar kamfanin Atari, sunka biya dalar Amurka miliyon 20 zuwa 25 don samun izinin mai da shi wasan telebijin. Ciniki ya ja har ƙarshen watan Yuli, ga shi ana son kaset ɗin ya shiga kantuna kafin bukin Nowel, don haka tilas a miƙa shi ga masana'anta ran 1 ga Satumba. Aikin da anka saba yi cikin wata shida ko fiye, sai anka ba saurayi guda, Howard Scott Warshaw, ya gama shi cikin sati biyar.

Warshaw ba ɗan koyo ba ne, shi ya yi Yars' Revenge, wanda ya yi kasuwa sosai. Ya kai na'urar aiki har gidanshi don kar dare ya wuce a banza. Spielberg ya ba shi shawarar yin wani abu mai kama da Pac-Man, shi kuwa ya zaɓi ƙirƙiro sabon abu. A nan ra'ayina ya rabu biyu. Ƙarfin halin ya burge ni, amma mai sati biyar a hannu ba shi da lokacin gwada sabuwar hanya ya komo in ta ɓace.

Kuma ya gama a kan lokaci, mai karatu, wannan shi ne abin mamakin. Wasan na tafiya: E.T. na neman gutsattsarin tarho guda uku da ke ɓoye cikin ramuka don ya kira gida. Sai dai ba a ba yara sun gwada shi ba kafin a buga. Da yaro guda ya riƙe shi na rabin awa, da an ga aibin: kana kusantar bakin rami ka faɗa, ka sha wuya ka fito, ka sake faɗawa. Wanda ya tona ramukan ya san inda suke, hannunshi na kauce musu da kanshi. Yaron da anka saya ma kaset ranar buki bai sani ba.

An sayar da fiye da miliyon ɗaya, amma abin da anka buga ya ninka haka, ga kuma waɗanda iyaye sunka maido. A 1983 Atari ta yi asarar dala miliyon 536, kuma cikin Satumba na shekarar ta binne kaya a juji na garin Alamogordo, jihar New Mexico. Shekara da shekaru ana cewa wasa guda ne ya kashe kamfanin, ana kiran sunan Warshaw, ba a kiran waɗanda sunka cinye watanni wajen ciniki sannan sunka yanka ranar. Ni dai ban taɓa yarda da wanga hukunci ba.

Da anka tona jujin cikin Afrilu 2014, sai ga kaset na wasanni iri-iri, har da waɗanda sunka yi farin jini. Wajen 1,300 anka fiddo daga cikin kimanin 728,000, guda na E.T. kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian. Warshaw ya bar sana'ar tun da daɗewa, ya koyi aikin warkar da damuwar zuciya, inda ya riƙa karɓar injiniyoyin Silicon Valley da aiki ya gajiyar.