Kaluluwar Duna

Yau labarin kare zan ba ku, kada wani ya ɓata fuska.

Duna sunansa. Shekara biyar yana gadin garkenmu a karar shanu da ke kan hanyar Inugu zuwa Anacha. Ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, in ya lashe ni in wanke. Amma daren da ɓarayi suka zo kwance mana bijimai biyu, shi ya tashe mu.

A daminar 2022 sai na ga Duna ya canza. Karen da ko akuya ta gifta sai ya yi haushi, ya koma kwanciya ƙarƙashin mota wuni guda. A ba shi abinci ya shinshina ya kau da kai. Ran nan na daure na shafa wuyansa, na ji ƙulli biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi kamar goro. Na laluba gaban kafaɗa da bayan gwiwa, nan ma haka. Kaluluwa ce ta fito masa ko'ina. Idonsa na hagu kuma ya fara yin hazo.

Wani dattijo a karar ya dube shi ya ce, "Yaro, sammore ne. Ɗauko Berenil ka ɗirka masa."

Na ce, "To Baba." Har na haɗa allurar. Abin da ya tsayar da ni, na san awon sa, ban san awon kare ba.

Kai shi wurin likitan dabbobi ya fi komai yi mini nauyi. A ce ɗan Malam ya ɗauki kare a Keke Napep zuwa asibiti! An yi mini dariya, har da masu cewa kuɗi ne suka yi mini yawa.

Likitar ta ɗebi jini a kunnensa, ta sa a madubin ƙara girma, ta ce in leƙa. Wallahi ga su nan suna wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Baba ya canka daidai, sammore ne. Ƙudan tsando ke kawo shi, ga mu kuma kusa da kurmi da rafi. Ta ce ɗanyen nama na dabba mai cutar ma yana iya sa wa kare, ni kuwa kullum ragowar mahauta nake zuba masa.

Da na faɗa mata batun allurata sai ta riƙe baki. Maganin dai shi ne, amma jikin kare ba ya ɗaukarsa kamar na saniya. In ya zarce kima ƙwaƙwalwa yake taɓawa, kare ya yi ta tangaɗi da farfaɗiya har ya mutu. Sai da ta ɗora shi a sikeli sannan ta auna. Ta ƙara da cewa ba kowace kaluluwa ce sammore ba: cutar kaska na kawo ta, ciwon daji ma haka, kuma da ido ba a bambancewa.

Bayan kwana huɗu Duna ya ci tuwo. Ƙullin ya sace a hankali, idon ne ya ɗau lokaci kafin ya washe. Wata biyu bayan nan cutar ta dawo, dama ta gargaɗe ni, muka sake komawa.

Yanzu naman sai an dafa nake ba shi. Duk Juma'a da safe ina shafa wuyansa da bayan gwiwarsa, sannan in je in wanke hannu. Baba har yau in ya gan ni sai ya ce, "Likitan karnuka, an tashi lafiya?"