Tarwaɗar Kuje da Lambun da Ke Shan Ruwanta

Duk wanda ya taso daga Arewa ya doshi Abuja, da zarar ya wuce Tafa ya hango Dutsen Zuma, abin da ke ransa ofis ne: takardar da za a sa wa hannu, ko wani babba da ake son gani. Ba a saba jin mutum ya ce zai je Abuja kallon kifi ba. Ni kuwa ɗan Haɗeja ne, cikin ƙarnin kifi na tashi, saboda haka da na sallami abin da ya kai ni, sai na ce a nuna mini kasuwar kifi ta Kado.

Kasuwar ta cika ido. A gefe guda ga kwalayen kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, a ɗaya gefen ga banda baƙa wuluk irin wadda muka sani daga yankin Tafkin Chadi. Amma inda mutane suka fi yin dafifi shi ne wajen manyan robobin da aka zuba tarwaɗa da ranta, tana ta mutsu-mutsu a cikin ruwa kaɗan. Mai saye ya nuna wadda yake so da yatsa, a cafko ta, a gyara masa ita nan take. Wannan kwali da wannan roba su ne labarin kifi a Najeriya. Hukumomi sun sha faɗin cewa ƙasar na buƙatar sama da tan miliyan 3 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1 da 'yan kai ba, sauran sai an sayo da dala. Duk da haka babu ƙasar da ta kai Najeriya kiwon irin wannan tarwaɗa a duniya. Na tambayi wani mai sayarwa daga wane kogi aka kamo su. Ya ce, "Alhaji, ba na kogi ba ne, na gona ne. Ka je Kuje ko Gwagwalada ka gani."

Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tare da Bwari da Kwali da Abaji da Gwagwalada da ta cikin birni. Da ka bar babban titin filin jirgin sama, gine-ginen gilashi sun ƙare, jar ƙasa ta fara, da gonakin doya da rogo na Gbagyi, waɗanda ke noma wannan ƙasa tun kafin a yi dokar kafa birnin a 1976, balle gwamnati ta tare a 1991. Damina a nan tana kamawa tun Afrilu, ba ta ɗauke ƙafa sai Oktoba, kuma ƙoramu sun ratsa ko'ina.

Gonar da aka kai ni ta wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, Hausa a bakinta rangaɗaɗau. Tana da tafkunan ƙasa a gangare, da wasu tankuna na tamfol a ƙarƙashin rumfa. Da sanyin safiya na tarar ana ba su abinci. Yaron gonar ya watsa tsaba guda, ruwan da ke kwance lumui ya hautsine da baki da gashin baki, har yana fantsamo mana a riga. Abincin mai yawo a saman ruwa ne, kuma da gangan aka zaɓe shi: mai kiwo na ganin lokacin da suka ƙoshi ya tsaya, kada saura ya nutse ya ruɓe. Ta ce mini kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kifi a abinci yake tafiya, don haka a wajenta kowace ƙwaya tana da lissafi.

Ta shigar da ni ɗakin ƙyanƙyasa, inda na ga abin da kakanninmu masunta ba su taɓa gani ba. Da yamma ake yi wa uwar tarwaɗa allura, kashegari da safe a matso ƙwanta a kwano, a haɗa shi da ruwan namiji, a baza a kan raga cikin ruwa mai gudana a hankali. Kwana guda ko da ɗan wani abu, sai ka ga 'ya'ya kamar zare suna motsi. Daga nan aikin tantancewa ya fara, domin tarwaɗa ba ta jin kunyar cin ƙanwarta. Duk wadda ta ɗara 'yan uwanta girma dole a ware ta. A wata biyar zuwa shida, idan abinci ya wadata, kifi ya kai kilo guda. Kuma dalilin da ya sa tarwaɗa ta fi karfasa karɓuwa a wajen masu ƙaramin jari shi ne Allah ya hore mata shaƙar iska daga sama, tana jure cunkoso da ruwan da wani kifin ba zai kwana a ciki ba.

Abin da ya tsayar da ni, har na kasa gaba, shi ne lokacin canza ruwa. Yaron ya buɗe bututu, ruwa kore shar mai wari ya kwararo. Ni a zatona kwata za shi. Ashe an yi masa hanya zuwa wani rami inda laka ke kwantawa, daga can ya bi ƙananan magudanai ya ratsa lambu. Ga alayyafo ganyensa ya yi faɗi, ga kabewar ganye da mutanen Kudu ke miya da ita ta haye rumfa, ga attaruhu, ga ayaba da gwanda a bakin iyaka. Na ce, "Mama, wane taki kike sa wa wannan lambu?" Ta nuna bututun ta ce, "Malam, ga shi nan kana gani." Kashin kifi da ragowar abincinsa suna ɗauke da sinadarin da muke bin layi mu saya a buhu. Idan an kwashe kifi, lakar gindin tafki ma a gonar masara take ƙarewa. A bayan kejin kaji kuma ta ajiye wasu akwatuna inda take kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda da ragowar kayan lambu, ta busar da ita ta rage kuɗin abincin kifi. Na jinjina wa matar nan ƙwarai. Ruwa ɗaya ya ciyar da kifi, ya shayar da lambu, abin da ya rage ya koma ƙasa a tace.

Ba kowa ke yin haka ba, gaskiya. Akwai masu sakin ruwan tankinsu kai tsaye cikin ƙorama, akwai masu zuba wa kifi magani barkatai ba da shawarar likitan dabbobi ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don ƙoramu da dama na yankin a kogin Usuma suke ƙarewa, wanda aka datse a Bwari kusa da Ushafa don shayar da birnin, ya gangaro ta Gwagwalada ya faɗa Gurara, ita kuma ta miƙa zuwa kogin Kwara. Abin da mai gona ya zubar a tudu, masunci ne ke karɓarsa a gangare.

Shi ya sa na ƙarasa har Yaba, a ƙaramar hukumar Abaji, inda masunta ke jefa birgi a Gurara daga cikin kwale-kwale. Wani dattijo da ke gyaran komarsa a inuwa ya zura yatsunsa biyu a idon ragar ya nuna mini: duk kifin da zai iya wucewa ta nan, rabon baɗi ne. Kukansa shi ne irin namu: masu su da gidan sauro da ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, da masu zuba gubar gamalin a ruwa su tsince abin da ya taso. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma wa zai tsare kogi dare da rana? A nan na ga inda gonar Kuje ta haɗu da Gurara. Birnin da ke cin gasasshen kifi kowane dare, daga kasuwar barikin Mogadishu zuwa lambunan shaƙatawa na unguwanni, da a ce kogi kaɗai zai dogara da shi, da tuni an share Gurara tas. Tarwaɗar gona ce ke ɗauke wa giwan ruwa da ragon ruwa da kurungu wannan nauyi.

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934, ana hana taɓa kogin Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa ke da ta cewa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mu a Haɗeja da Nguru, tun da aka gina dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamu ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, matasan masunta da yawa suka bar gida.

Manoman raninmu kuwa sun riga sun mallaki rabin abin da matar Kuje ke aiki da shi. Suna da rijiyar burtsatse ta fadama, suna da injin ban ruwa, kullum suna zuƙo ruwa su kai wa albasa da tumatir. Tankin tamfol ɗaya a tsakanin injin da lambun zai ba su kifi, ya rage musu buhun taki, ba tare da an ƙara ɗiban ruwa mai yawa ba. Da na faɗa mata wannan tunani, ta gargaɗe ni da abu biyu: a samo iri daga wajen mai ƙyanƙyasa da aka yarda da shi, kuma kada a fara a tsakiyar hunturu, domin sanyin Disamba da Janairu na hana tarwaɗa cin abinci yana rage mata girma. A jira bazara, a fara da 'yan ɗaruruwa kaɗan, a kuma tanadi murhun banda tun kafin ranar kwasa, saboda kada dillali ya tarar da mutum da ɗanyen kifi a hannu ya yanka masa farashin da ya ga dama.