Bidiyon kaset bai yi ritaya ba

1/ Jama'a, kar ku yar da tsohon bidiyon kaset na gidanku. Har yau yana naɗar tashoshin dijital.

2/ Da kansa dai ba zai kama su ba, na zamanin analog ne. Sai an bi ta dikoda da wayar AV: rawaya hoto, ja da fari sauti. Daga OUT na dikoda zuwa IN na bidiyo.

3/ Kakata nake naɗa wa Daɗin Kowa. Ba ta iya waya ba, amma maɓallan nan ko ido rufe ta san su. Da hannunta take saka kaset, ba ta jiran na dawo daga makaranta.

4/ A kula, abin da dikoda ke nunawa kaɗai yake ɗauka. Yaro ya canja zuwa ƙwallo, ƙwallo za ka tarar.

5/ Kaset E-180 awa 3 ne, a LP awa 6, sai dai hoton ya dushe.

6/ Tun 2016 aka daina ƙera injin, kaset ma ya yi wuya. Biyar suka rage mana, ina ta gogewa ina maimaitawa. Mai kaset a ajiye, don Allah ya yi magana.