Fayilolin Saiti Da Darasin Da Suka Koya Mini

A ƙaramar makarantar da nake koyarwa, ni aka ɗora wa alhakin kula da kwamfutar da ke ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai. A wani hutun ƙarshen zango na sabunta babbar manhajarta daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04. Ana cikin aikin sai ta dakata da tambaya: ga fayil na saiti da ka taɓa sauyawa, a bar naka ko a sa sabo? Ina gaggawar zuwa sallar La'asar, na zaɓi a bar nawa ba tare da na duba bambancinsu ba. Ta kammala, ta tashi lafiya lau, na tafi gida ina ganin aiki ya ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar da malamai suka zo shigar da sakamako, duk fayil ɗin da ya haura megabait 2 sai kwamfutar ta ƙi karɓa, ga iyaye suna jira a bakin ofis. Sai da na kwana biyu ina lalube kafin na gano dalili. Sabuntawar ta sauya PHP, manhajar da shafinmu yake aiki da ita, daga 7.4 zuwa 8.1, sabuwar kuma tana karanta saitinta daga wata jaka dabam a cikin /etc. Gyaran da na yi tun shekarun baya, na ɗaga wannan iyaka, yana kwance a tsohuwar jakar, babu mai waiwayarsa. A binciken nan ne kuma na ci karo da fayilolin da sunansu ya ƙare da .dpkg-dist, wato sababbin saitin da na ƙi karɓa, an ajiye su kusa da nawa suna jiran in kwatanta.

Laifin ba na na'ura ba ne. Kowane layi a fayil ɗin saiti shawara ce da wani ya yanke wata rana saboda wani dalili, ni kuwa na manta nawa dalilan. Riƙe tsoho a makance kuskure ne, rungumar sabo a makance ma haka.

Yanzu kafin kowace sabuntawa nakan kwafe jakar /etc gaba ɗaya, bayanta in kwatanta tsoho da sabo layi bayan layi. Duk gyaran da na yi kuma sai na rubuta dalilinsa a samansa, saboda wanda zai gaje ni, da kuma ni kaina, ranar da mantuwa za ta sake kama ni.